Dutsen Niƙan da Aka Kife

Ni mai masaukin fatake ne a Ƙofar Dundaye, kuma duk baƙon da ya sauka gidana ya san ba ya barin Sakkwato sai na gajiyar da ƙafafunsa. Ranar da ciniki ya kwanta, sai mu kora jakai bayan ganuwa da hantsi, mu dawo kafin magariba. In nuna musu fadamar shinkafa, in ce wani ya taɓa shigarta da ɗan maraƙi ya fito da tsohon sa. In kai su bakin gulbi, in ce a nan aka kama kifin da aka sassaƙa jirgi da haƙarƙarinsa. Su yi ta salati, ni kuwa in ƙara gishiri.

Amma wurin da na fi so shi ne wani kufai, ƙauyen da ya watse tun zamanin yaƙe-yaƙe, ban ma zo duniya ba. Babu abin da ya rage sai kukoki biyu da suka jingina da juna, da busasshiyar rijiya, da tudun ƙasa nan da can inda ɗakuna suka zube. Akwai wani faffaɗan dutse da nake zama a kai in dama fura. Na sa masa suna kujerar sarkin aljannu, nakan ce da izininsa nake hawa.

Wata shekara kakar matata ta zo gidanmu neman maganin ido, farar yana ta rufe mata gani. Tsohuwa ce mai baki, ba ta kirana sai "angon banza". Ina ba wani Bakano labarin kufan a zaure, sai muryarta ta fito daga tsakar gida.

"Angon banza, kukokin nan, wadda ke gabas an kafa mata turakun hawa?"

Na ce an kafa, har ma aljannu na shanya a kai. Ba ta yi dariya ba.

Da Bakanon ya fita ta sa aka kira ni. Ashe garinsu ne. Tana yarinya suka gudu da rana tsaka, da aka hango ƙurar mahaya. Ana jibi za su gudu zazzaɓi ya ɗauke ƙanenta, aka binne shi bayan ɗakin uwarsu, dab da dutsen niƙa. Matan garin kuwa, in za su bar gida da niyyar komowa, kife dutsen niƙa suke yi, kada ƙasa ta ɓata masa fuska. Uwar ta kife nata, ta dafa kabarin ta ce masa ya jira, suna nan tafe. Har ta rasu ba ta koma ba.

"Kai ni in yi mashi addu'a," in ji tsohuwa. "Shina can shina jira."

Washegari na ɗora ta kan jaki. A hanya na gwada mata labarin maraƙin, na gwada na kifin, ko tari ba ta yi ba. Ni da ake roƙo in yi shiru a gidan makoki, sai ga ni ina jin ƙarar kofaton jaki.

Da muka isa ta shafa kukar gabas har hannunta ya sami turke. Sai dai tudun ƙasa duk iri ɗaya ne, ga ta ba ido. Ta ce in duba duwatsu. Na shiga ture ciyawa da sanda. Wurin da na sha zuwa ina surutu, ashe kowane tudu da dutsensa a gefe, kuma kowanne a kife. Gari guda cur, kowa ya fita da nufin komowa.

"To Kaka, wanne ne naku cikin wannan taro?"

"Innarmu bahagwa ce. Ramin dutsenta ya karkata hagu."

Haka na yi ta tono ina ɗagawa, tana zura hannu ƙarƙashi tana shafawa, tana girgiza kai, ina mayarwa yadda na same shi. Kunamun da na tasa ranar nan sun isa a yi yaƙi da su. Rana ta karkata, inuwar kukokin ta miƙe ta rufe rijiyar, numfashin tsohuwa ya fara sama-sama. Na ce mu tafi, ma dawo wata rana.

"Wace rana gare ni?" ta ce.

Na zube kan kujerata don in huta. Ta juyo da fararen idanunta wajena.

"Bisa mi kake zaune?"

Na tashi, na sa kafaɗa na birkice shi. Ƙasansa a sanyaye yake, santsi kamar jiya aka wanke. Ta durƙusa ta ɗora tafin hannunta na hagu, hannun ya zame cikin ramin ya zauna daram. Ta daɗe a haka. Sannan ta rarrafa kaɗan zuwa bayan tudun, ta dafa ƙasa, ta yi magana da murya irin ta yarinya, wadda ban taɓa ji a bakinta ba.

"Ga ni, na zaka. Inna ba ta samu zuwa ba."

Muka yi addu'a, muka shafa. Na kama dutsen zan mayar, ta riƙe mini hannu.

"Bar shi a buɗe. An komo."

"Sauran fa?"

"Ba namu ba ne."

Kafin lokacin girbi, Allah ya karɓi ran tsohuwa. Har yau ina kai baƙi kufan, kuma maraƙin nan yanzu da jikoki yake fitowa. Amma daga mun wuce kukoki sai bakina ya mutu, fura ma a tsaye nake sha. Da damina ruwa kan taru a ramin dutsen, ya kwanta ta gefen hagu, tsuntsaye su sha. Sauran suna nan a kife cikin ciyawa. Baƙi kan tambaye ni me nake kallo, in ce musu mu kama hanya, rana na tafiya.