Ɗakin Inna a Bakin Tafki

Kouloussoum Haidar 'yar Maraɗi ce, amma a birnin Greensboro, can ƙetaren teku, ta yi rabin rayuwarta. Da ta zo, aikin farko da ta samu shi ne ɗinkin rigunan kujeru a wata masana'anta. Daga baya ta shiga makarantar yamma ta koyi tsara cikin gida, ta fara zaman kanta. Matan Irving Park, unguwar masu kuɗi, sukan kira ta ta zaɓa musu fenti da labule, su kuma gaya wa ƙawayensu. Ba ta yi arziki ba, amma tana da 'yar motarta, da gidan haya mai ɗaki biyu a titin Gate City Boulevard, inda take zaune ita kaɗai tun rasuwar mijinta. Ɗaki ɗaya na kwana, ɗayan cike da yaduka da keken ɗinki.

Yayanta Rachid ma'aikacin kamfanin magunguna ne. Shi da matarsa Dalila sun sayi gida a bakin wani tafki, can bayan gari. Gidan a gangare yake, saboda haka besmen ɗinsa, wato ɗakin ƙasa, rabinsa na cikin ƙasa, rabin kuma yana da ƙofar gilashi mai kallon ruwa. Da takardun zuwan mahaifiyarsu Hajiya Hindou suka fito, Rachid ya kira ƙanwarsa.

"Koulou, Inna na zuwa. Sama babu ɗaki, yara sun cika ko'ina. Ki zo ki duba ƙasan nan, ke ce mai ido."

Da ta sauka, warin danshi ya tare ta. Bango ya yi baƙi-baƙi, silin kuma kamar ta miƙa hannu ta taɓa. Duk da haka zuciyarta ta yi fari, don tunda ta fara sana'ar ba ta taɓa gyara wa wani nata ɗaki ba. Ta ɗauko Bernard, kafintan da take aiki da shi, suka ɓamɓare bangon, aka toshe inda ruwa ke tsattsafowa, aka sa na'urar da ke shanye danshi. Ta zaɓi fenti mai launin jar ƙasa kamar na tsakar gidansu. Ta sa fitilu masu taushin haske a jikin bango don kada silin ya danne mutum. A banɗaki ta sa famfo ƙasa-ƙasa da kujerar zama saboda alwala, da ƙarfen dafawa, don ta san gwiwoyin Inna. Ta bar fili ta gefen alƙibla, ta shimfiɗa darduma mai kauri. Labulen da hannunta ta ɗinka. Duk lokacin sanyin nan, ayyukan mutane da yawa ta ƙi karɓa saboda ɗakin.

Ranar da Hajiya Hindou ta iso, bayan an ci abinci, Kouloussoum ta kama hannunta suka nufi matakala. A tsakiya tsohuwar ta tsaya.

"Ina za mu?"

"Ɗakinki, Inna."

"A cikin ƙasa?"

"Inna, ki dai sauko ki gani. Akwai ƙofa, akwai haske."

Hajiya ta sauko. Ta dubi gadon, ta shafa labulen, ta ce, "Allah ya yi albarka." Sai jikokin suka ruga da gudu a sama, silin ya amsa. Hajiya ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "Ni dai a saninmu, wanda ake tafiya a kansa ya riga ya gama da duniya."

Rachid ya yi dariya ya ce za ta saba. Kouloussoum ba ta yi dariyar ba.

Hajiya ba ta saba ba. Da safe Rachid da Dalila su fita aiki, yara su tafi makaranta, gida ya yi tsit. Idan sun dawo, yaran da Turanci suke amsa mata. Babu maƙwabciyar da za ta yi sallama, babu mai talla, babu kiran salla. Matakalar tana wahalar da ita, don haka wuni take a ƙasa tana kallon ruwa ta gilashi. Kouloussoum ta sa Bernard ya cusa audugar hana ƙara a silin. Ta kawo rediyo, ta kawo tukunyar turaren wuta, ta juya gadon ya kalli ƙofa. Duk zuwan da za ta yi, sai ta tarar da tuwon jiya a rufe, an ɗan taɓa gefe.

"Inna, me ya rage a ɗakin nan? Ki faɗa in gyara."

"Ɗakinki ba shi da laifi, 'yar nan. Mutane ne babu."

Wata rana da la'asar Dalila ta dawo ta tarar da ƙofar gilashin a buɗe. Hajiya na zaune a kan katakon da ake ɗaure jirgi, zanenta ya jiƙe, tana riƙe da hannunta na hagu. Wai wani mutum ta hango yana kamun kifi, ta fito ta yi masa sannu, santsi ya kwashe ta. A asibiti aka ce wuyan hannun ya karye. Da ƙafar ta ƙara zamewa kaɗan, da cikin tafkin ta faɗa.

A harabar asibitin Rachid ya ja ƙanwarsa gefe.

"Gobe ki sa Bernard ya sa wa ƙofar nan kwaɗo. Makullin ya zauna a sama."

"Yaya, ƙofar ce kaɗai ta rage mata. In na kulle, me na gina ke nan?"

"To so kike ta nutse? Ke kika ce za ki mai da wurin gida!"

"Na ce. Ban iya ba. Ka ba ni ita."

"Ki kai ta ina? Cikin tsummokaranki? Me mutane za su ce da ni?"

Da aka sallami Hajiya, ita aka tambaya, ta ce motar Koulou za ta shiga.

Kouloussoum ta kwashe yadukanta ta kai ma'ajiyar haya, ta mai da keken ɗinki falo. Gidan ya matse, aikinta ya ja baya, don Inna ba ta iya wanka ko ɗaura zane da hannu ɗaya. Wasu daga cikin matan Irving Park suka gaji da jira suka nemi wata. Hajiya kuwa ta fara cin abinci. Hajiya Liyatu, wata 'yar Zariya da ke ƙofar kusa, takan shigo su yi hira har magariba, matan Nijar da ke layin kuma suna leƙowa gaisuwa.

Abin da Rachid ya ji tsoro ya faru. Magana ta zaga masallaci cewa mai babban gida ya sa uwarsa a rami, ƙanwarsa ce ta cece ta. Kouloussoum ta yi ta ƙaryatawa, amma bakin mutane ya riga ya buɗe. Rachid ya daina ɗaga wayarta. Yakan kira Inna ne lokacin da ya san Koulou ta fita.

Sai ranar babbar salla ya zo, shi kaɗai, da nama a cikin kula. Ya durƙusa ya gaida mahaifiyarsa. Ƙanwarsa ta ce, "Yaya, barka da salla." Ya ce, "Barka," bai dube ta ba.

Hajiya ta dube su duka biyun. "Kun ga abin da zuwana ya jawo," in ji ta. "Ba ku taɓa yin gaba ba sai a kaina. Ku mai da ni Maraɗi kafin sanyi ya shigo."

"Inna, can wa zai kula da ke?" Rachid ya tambaya.

"Allah da mutane. Wanne cikinku zai raka ni?"

Rachid ya sunkuyar da kai. Kouloussoum ta ɗauki kular naman ta shiga kicin, ta tsaya a gaban murhu ba ta kunna ba.