Ƙashin da na tono

Ina share ƙasa da ɗan burushi sai ga ƙashi fari fat.

Daga jami'armu a Birmingham aka kawo mu haƙan gwaji a wata tsohuwar ganuwa mai zagaye, kafin titi ya bi ta kanta. Tun a mota nake roƙon Allah kada in tone kabarin wani. Mu da ko takalmi ba ma shiga maƙabarta da shi!

Na kira malamarmu: "Mutum ne?"

Ta juya ƙashin, ta yi dariya. "Saniya ce. A cikin ganuwar nan mutanen wancan zamanin suke killace shanunsu."

Alhamdulillahi! Sai da na zauna daɓas a ƙasa. Ni jikan makiyaya, Baturiya ce ta nuna min ƙashin saniya.

Da ku ne, za ku tsaya tambaya ko arcewa za ku yi?