Lahadin da Ejvind Ya Ajiye Makulli

Shekara talatin da ɗaya Ejvind ya yi yana hidimar cocin ƙauyenmu a yammacin Jutland. Shi ke haƙa kabari, shi ke buga ƙararrawa, shi ke kunna kyandir. Cocin ta haura shekara ɗari takwas, ginin dutse ce da ake wa farar ƙasa duk bazara. Ni ke kaɗa kiɗan waƙoƙi tun kafin a ɗauke shi aiki, kuma ban taɓa jin ya rera ko baiti ɗaya ba. Magana tsada take masa, gaisuwa ma sai ka yi sa'a.

A wurinmu, in aka buga ƙararrawa ba wanda ya zo, sujada ta faɗi, wato an fasa ta, kowa ya kama gabansa. Mu ma'aikata ba a sa mu cikin masu zuwa. Shugabannin coci na birni kuwa sun aiko cewa in ta fara faɗuwa za su daina sujadar Lahadi a nan, a bar ginin don aure da jana'iza. Shekara shida mace ɗaya ce ta hana hakan, Ragnhild matar Ejvind. Kullum tana benci na uku, alewa mai gishiri a kumatu, tana waƙa tana riga kiɗana. Na sha jin haushinta, yanzu kuwa kewarta nake.

Ta rasu wata Talata. Ejvind ya ƙi a kawo injin, ya haƙa kabarin da shebur. Ranar jana'iza coci ta cika maƙil, aka sha kofi, kowa ya rantse zai riƙa zuwa. Alkawarin gidan makoki dai an san shi.

Lahadin da ta biyo ya buga ƙararrawa yadda ya saba, ya tsaya a bakin ƙofa. Babu kowa. Fasto Solvej ta jira minti goma sha biyar, ta rufe littafinta. Ni ma na fara tattara takarduna, ban ji komai ba sai yunwa.

Sai Ejvind ya tako ya zauna a benci na uku. Fasto ta matso, ta tuna masa a hankali cewa shi ma'aikaci ne, zamansa ba zai hana sujada faɗuwa ba. Ya zaro makullan coci ya sa mata a hannu.

"Na bar aikin," in ji shi. "Ga mutum ɗaya ya zo. Fara."

Ta dube ni, na ɗaga kafaɗa. Aka fara. Na kaɗa waƙoƙi biyar, Fasto ce kaɗai ke rerawa. Bai buɗe littafi ba, bai yi kuka ba, idonsa na kan bango kamar mai jiran mota. Da aka gama ba a buga ƙararrawar tashi ba, don babu mai bugawa.

A bakin ƙofa Fasto ta ba shi hannu yadda ake wa masu zuwa, ta tambaye shi yaya ya ji. Ya daɗe yana shafa ƙeya.

"Tagar nan ta gefen benci iska take shigarwa, daidai wuyan mutum," ya ce. "Aikin rabin awa ne. Shekara shida Ragnhild ba ta faɗa min ba."