Ranar da Aka Shafe Bangon Ƙofar Ruwa

Shekarun da na yi a bakin ƙofar ruwa duk sun gauraye mini a kai, amma akwai wata Alhamis cikin rani, ana gab da cire albasa, wadda ba za ta fita daga raina ba. Ku da kuka kama aiki bayan na yi ritaya kun ji labarin an ƙara masa gishiri. Ga yadda aka yi, Allah shi ne shaida.

Ƙofar tana kan tsohon kanal ɗin da ke ɗauko ruwa daga kogi ya ratsa gonakin rani a wajen garin Wudil. Faifan ƙarfe ne mai kauri, tun na zamanin Turawa, a samansa akwai abin murɗawa mai kama da sitiyarin mota. In ka murɗa, faifan ya ɗaga, ruwa ya wuce. Ni ne mai tsaronta, ƙaramin ma'aikaci mataki na uku, kuma aikina guda ne: kada ruwa ya wuce iyaka.

Iyakar tana jikin bangon dutse da ke gaban ƙofar. Kowace damina yashi yana taruwa a kanal, saboda haka iyakar bara ba ita ce ta bana ba. Da ruwa ya ɗauke, sai mai tsaro ya shiga da gora ya auna zurfi, ya ja layi da ƙusa, ya rubuta shekarar da sunansa da ajami, da baƙin kwalta. Haka na tarar marigayi Malam Ɗanjuma yana yi, shi ma haka ya tarar. Bangon ya cika da layuka har da ƙyar nake samun wurin nawa.

Sai aka kafa kwamitin gyara ƙofar domin masu yawon buɗe ido. Na yi murna, don tsatsa ta ci ta. Shugaban kwamitin Alhaji Nasiru ne, mutum mai son a yi komai jiya. A cikinsu akwai Malama Rifkatu, malamar tarihi a jami'a, 'yar Gombe. Ita kaɗai ce ta tsuguna gaban bangon ta ce, "Baba, karanta mini." Na karanta mata sunayen magabatana ɗaya bayan ɗaya, tana rubutawa.

An kankare tsatsa, an zuba giris, an kafa rumfa. Ranar Talata aka tura ni Kano wajen tela, wai a ɗinka mini kakin masu gadin zamanin da, har da gajeren wando.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni da nake jan salla a unguwarmu zan tsaya gaban jama'a gwiwata a waje?"

Ya ce, "Baba, tarihi ne."

Na ce tarihin ya sa dogon wando. Da ƙyar ya yarda.

Da na dawo ranar Laraba ban gane wurin ba. Kun san halinmu in manyan baƙi za su zo: duk abin da ba ya motsi sai an shafa masa farar ƙasa. Duwatsun bakin hanya fari, gindin bishiyoyi fari, bangona kuwa fari fat, tun daga sama har bakin ruwa. Na tsaya ina ta salati.

Alhaji Nasiru ya ce, "Ka ga aiki ko? Mun rufe ƙazantar nan."

"Ranka ya daɗe, ma'aunina ne aka rufe."

"Shekara nawa kana nan? Auna da ido."

Ni na san inda layin bana yake. Abin da na rasa shi ne wurin da zan ɗora yatsa in ce wa babba, nan ne, tsaya.

Gonar farko da ruwa ke samu in ya tumbatsa ta Habu ce, wani magidanci mutumin Darki. A kwari take, kuma albasarsa saura kwanaki a cire. Albasa in ta kai nan ba ta son ruwa. Ya kwanta mata yini guda, ruɓewa za ta yi a rumbu. Ita ce abincin gidansa har damina.

Ranar Alhamis da hantsi baƙi suka cika mota biyu. Aka yi addu'a, aka yi jawabai, aka ce in buɗe. Na yi bisimilla na murɗa har ruwa ya kai inda na sani, na saki.

Alhaji Nasiru ya matso ya yi ƙasa da murya. "Baba, wannan ai ruwan alwala ne. Ƙara, a ga ruwa yana rugugi."

"Iyakar ke nan, ranka ya daɗe."

"Ina iyakar? Nuna mini."

Na dubi farin bango, ban da abin nunawa. Sai ya tattare hannun babbar rigarsa ya kama ƙarfen da kansa, masu hoto suka yi ca. A da, ƙarfen nan sai ka yi nishi kafin ya motsa. Yanzu ya sha giris, juyawa yake kamar keken ɗinki. Ruwa ya fito da ƙarfi, baƙi suka hau tafi.

Ina jin ihu daga ƙasa. Habu ne a guje, taɓo har ƙugu, fartanya a hannu. "Malam! Malam Sale! Me na yi maka?"

Wallahi wannan tambayar ta fi komai yi mini ciwo. Bai san wani kwamiti ba. Ni ya sani.

Ban ƙara roƙon kowa ba. Na fizgi buhun da aka shimfiɗa a bakin rumfa, na sauka matakala da sabon kakina, ruwa har ƙirji, na tsoma buhun na hau dirzar bangon. Farar ƙasar kwana ɗaya ce, ta wanke kamar koko. Layuka suka fito, sunaye suka fito. Malama Rifkatu ta leƙo ta ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Baba, wanne ne na bana?"

Na cusa hannu cikin ruwa har gwiwar hannu na ce, "Ga shi nan ƙasa."

Tafi ya tsaya. Alhaji Nasiru ya dubi hannuna, ya dubi Habu, ya saki ƙarfen. Na hau ina ɗiga na rufe ƙofar.

Abin da ya ƙara ba ni haushi, baƙin suka bar ruwan suka taru a kan bangon. Wannan ya ce in karanta masa, wancan ya ce in tsaya a ɗauke mu. Ina cikin karanta sunan Malam Ɗanjuma na ji Alhaji Nasiru a bayana yana cewa, "Wannan shi ne babban abin da kwamiti ya adana muku." Na nemi tsari daga Shaiɗan.

Habu ya yi asarar albasar fangali shida, kwamin shuka na can ƙasa. Sauran sun tsira. Ni kuma ranar Litinin takarda ta same ni daga ofis, in yi bayani cikin yini biyu dalilin da ya sa na ɓata fentin gwamnati. Na rubuta amsar da ajami. Har na bar aiki ba wanda ya ƙara tayar da maganar.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu babba ba ya jin abin da ke kanka, sai abin da ka ɗora wa yatsa. Mai gona kuwa ba ya tambayar wa ya ba da umarni. Fuskar mai tsaro yake nema. Saboda haka ku ja layinku kowace shekara, ku sa sunanku. In kuka ji an ce baƙi za su zo, kada ku yarda a aike ku ko'ina. Ku zauna gindin bangon har mai farar ƙasa ya wuce.