Baƙon Ya Ce Mu, Ni Na Ce Ku

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tafinta a majami'armu ta Talaje, nan Yamai. Litinin zuwa Juma'a ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ran Lahadi kuma in sa farar rigata in tsaya hannun hagun mai wa'azi. In ya yi Faransanci in juya da Hausa, saboda tsofaffinmu da suka zo daga Maraɗi da Dogon Dutsi, da matan kasuwa, da duk wanda bai taɓa zama aji ba. Kuma ba yabon kai ba, na iya. Mai wa'azi bai gama rufe baki ba na cafe, in ya ɗaga murya in ɗaga, in ya sassauta in sassauta. Matata takan ce wata rana sai na riga fasto faɗin abin da ke cikinsa. Ina jin daɗin wannan zolaya fiye da yadda ya kamata.

Mu biyu uwarmu ta haifa, ni da yayana. Shi ko ƙofar lakwal bai taka ba, don shi ya riƙe gona aka sa ni. Shi ya fara zuwa Yamai, ya kama sana'ar sayar da katako a kasuwar Katako, kuma a ɗakinsa na kwana shekara uku ina karatu. Daga baya giya ta kama shi. Dattawan ikilisiya suka yi masa magana har suka gaji, suka sa shi a horo, wato aka hana shi cin Jibin Ubangiji sai ya gyara. Shi kuwa ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya.

Duk wannan da na haƙura. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ciwon ajalin tsohuwarmu. Na ɗauko ta daga Dutsi na kawo ta gidana, ta yi mako uku a kwance, kullum tambayarta ɗaya, ina babban. Sau uku ina aika masa. Bai zo ba sai da muka dawo daga maƙabarta, ya shigo yana tangaɗi, ƴan zaman makoki suna kawar da hanci. Ban zage shi ba, ban ɗaga masa murya ba. Gaisuwa kawai na yanke, kuma na riƙe abina shekara huɗu cur, ina ganin ai na yi ƙoƙari ma da ban yi fiye da haka ba.

Ana nan sai matata ta zo mini da labari, wai matar yayana ta ce ya bar sha, ya kusa wata takwas bai taɓa ba, kuma yana so ya dawo sujada amma kunya ta hana shi. Na ce to, sai mu gani. Ta dube ni ta ce ita dai ta faɗa mini.

Lokacin zafi ne, muna taron farkawa na kwana uku, an gayyato wani baƙon mai wa'azi daga ƙasashen bakin teku, ɗan siriri mai sanyin murya, ba ya jin Hausa ko ta gaisuwa. Ranar Lahadi, rana ta ƙarshe, majami'a ta cika har waje. Ina hawa gaban bagadi idona ya sauka a bencin baya, dab da ƙofa. Ga yayana nan zaune. Ya rame, ya yi aski, ya sa wankakkiyar riga, hularsa a hannu yana murzawa. Duk abin da zai ji na maganar Allah a wannan rana, bayan shekara huɗu, ta bakina zai ji shi. Na san haka sarai, don kada wani ya ce ruɗewa na yi.

Baƙon ya fara da tsarkin Allah. Ya yi maganar annabin nan da ya ga ɗaukakar Ubangiji a haikali, wanda bai tuna da laifin kowa ba sai ƙazantar bakinsa shi kansa. Na juya wannan tsaf, da murya mai kyau, kamar labarin wani ƙauye ake ba ni. Daga nan ya shiga maganar ranar shari'a. Mutumin yana da wata ɗabi'a, ba ya cewa ku, kullum mu yake cewa, yana dafa ƙirjinsa. A Faransanci nu ne mu, vu ne ku, ɗan aji ɗaya ma ya san wannan. Ya ce dukanmu za mu tsaya gaban kursiyin shari'a. Ni kuwa na miƙa hannu wajen jama'a na ce za ku tsaya. Ya ce abin da muka ɓoye za a buɗe. Na ce abin da kuka aikata za a tone shi a bainar jama'a, kuma idona yana kan bencin baya.

Da na ga ya wuce ba wanda ya tare ni, sai na ƙara. Baƙon ya jero abubuwan da Allah mai tsarki ba ya zama da su: girman kai, ƙarya, buguwa, riƙe ɗan'uwa a zuci. Na haɗiye na ƙarshen, ko tari ban yi ba. Buguwa kuwa, da ya faɗa da kalma ɗaya, na zauna a kanta na yi mata ɗaki da zaure. Na ce mashaya, masu wari, masu zubar da mutuncin gidansu. Sannan na faɗi abin da har yau in na tuna sai in ji kamar in shige ƙasa. Na ce, "Ku da uwa ke kira tana bakin mutuwa kuna can kuna sha, me za ku ce wa Allah?"

Tsofaffin da ba su jin Faransanci suka amsa da amin, wata ma har da ɗaga hannu. Baƙon ya dube ni, ya ga jimlarsa guntuwa ta zama doguwa, ya ga jama'a sun motsa, sai ya yi murmushi ya dafa kafaɗata, a zatonsa Ruhu ne ke aiki. Yayana ya tashi a hankali. Ya ɗan rusuna wajen bagadi kamar yadda tsohuwarmu ta koya mana, ya fita.

Bayan fitarsa da kaɗan baƙon ya juya kan tuba. Ya ce Allahn da tsarkinsa ke ƙona zunubi shi ne kuma ya buɗe ƙofa, kuma duk wanda ya lallaɓo ya dawo yau, ko da a bakin ƙofa ya tsaya, ba korarsa za a yi ba. Wannan na juya shi daidai, kalma da kalma, ban rage ko ɗaya ba. Bencin baya dai wata yarinya ta riga ta matsa ta cike wurin.

Wautata ita ce na manta inda nake. Wannan Yamai ce. Rabin majami'ar malaman lakwal ne da ma'aikatan asibiti da na ofis, suna jin harsunan biyu fiye da ni. Da aka tashi, mutanen da suka saba kama hannuna suna cewa sannu da aiki sai kowa ya shiga neman babur ɗinsa. Wata tsohuwar ma'aikaciyar asibiti, ƙawar mahaifiyarmu, da muke kira Inna, ita ce ta tsaya ta jira ni gindin itacen bedi.

Ta ce, "Ɗana, wa'azi biyu na ji yau. Ɗaya na ga mai shi. Ɗayan fa, wa ya aiko ka da shi?"

Maimakon in yi shiru, sai na hau yi mata bayani, wai ita Hausa sai an faɗaɗa, wai ba a juya magana kalma da kalma. Ita da ta yi shekara talatin tana juya wa likitoci maganar marasa lafiya. Ta bar ni na gama, ta gyara mayafinta ta ce in gaida gida.

Ran Talata fasto ya kira ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce shi da dattawa sun ga ya kamata in huta da tafinta, kuma ba shi zan ba haƙuri ba, na san inda zan je. Na dawo gida ina huci. Na ce wa matata ƙarya na yi? Bai sha ba? Tsohuwa ba ta kira shi ba? Ta ce duk an yi, amma ita ba ta san ranar da Allah ya ba ni aron bakinsa ba. Na yi kwana biyu ba na yi mata magana, ga irin halin nawa.

Lahadin da ta biyo ta Jibin Ubangiji ce. Na zauna cikin jama'a, abin da na shekara goma sha ɗaya ban yi ba. Ba wanda ya hana ni ci. Amma da farantin gurasa ya iso gabana hannuna ya ƙi tashi. Amin ɗin tsofaffin nan ce ta dawo mini. Sun ce amin ne don sun ɗauka Allah ke magana, alhali haushina ne na shekara huɗu na naɗe na miƙa musu da sunansa. Na sha koya wa yara cewa Allah mai tsarki ne, amma ranar ce na fara jin tsoronsa da gaske. Na miƙa farantin gaba.

Duk da haka sai da na ƙara mako biyu ina ja da baya. Ran wata Asabar da hantsi na karɓi takardar da baƙon ya bar wa fasto, wadda ya rubuta kan wa'azinsa, na hau taksi zuwa Katako. Na tarar da yayana yana auna wa wani kafinta katako, fensir a bayan kunne, suna ciniki da Zabarmanci. Maƙwabcinsa, wani dattijo Alhaji da ya san ni tun ina ɗan lakwal, ya turo mini benci ya ce Mushe, yadda ake kiran malaman lakwal, yau ɓatan hanya ka yi. Na zauna cikin ƙurar zarto ina jira har aka ɗora wa kafintan kayansa a kura.

Na ce, "Yaya, wa'azin da ka ji ran nan, ba haka mutumin ya faɗa ba. Na zo in gyara."

Ya zauna kan tarin katako. Na buɗe takarda na juya masa tun daga farko, da mu ɗinsa duka, da riƙe ɗan'uwa a zuci da na haɗiye, da maganar ƙofa da bai tsaya ya ji ba. Na gaya masa zancen uwa ni na ƙara, ba ya cikin takarda. Masu tura kura suna wucewa suna kallonmu. Da na gama na roƙe shi gafara. Na zaci zai yi mamaki, ko ya zage ni, kuma na shirya wa duka biyun.

Ya cire fensirin daga kunne yana juya shi. Ya ce, "Auta, shekara ashirin ina sayar wa masu Faransanci katako. Ban iya ba, amma na san nu, na san vu. Tun jimla ta biyu na gane."

Na tambaye shi to me ya sa bai zauna ba, tunda ya san ba maganar Allah ba ce. Ya ce abin da na faɗa a kansa gaskiya ne, kuma ba ranar da ba ya faɗa wa kansa, don haka ba shi ya tashe shi ba.

Ya ce, "Kai na ji wa tsoro. A gaban bagadi kake tsaye kana sa wa Allah magana a baki. Na ga muddin ina zaune ba za ka daina ba, shi ya sa na fita."

Na naɗe takardar. Shi ya tashi ya sayo mini ruwan sanyi, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, har da ƙaramar da aka haifa bai taɓa gani ba. Ya ce ya yafe, ni ma in yafe masa zancen tsohuwa in zan iya. Na ce na yafe, kuma na ji kunyar yadda kalmar ta fito da sauƙi bayan duk shekarun nan.

Da zan tafi na ce to ran Lahadi za mu gan shi, fasto ya ce dattawa a shirye suke su zauna da shi, kuma yanzu wani ne ke tafinta, ba ni ba. Ya girgiza kai. Ya ce ya samu wata ƴar ƙaramar majami'a a Haro Banda, ƙetaren kogi, rumfar kwano ce kawai, amma faston yana wa'azi da Hausa kai tsaye. Ya ce ba fushi ba ne, yana so ne ya riƙa ji da kunnensa.

Yanzu muna zumunci, yana zuwa gidana, ina zuwa nasa, giya kuma bai koma ba. Gidansa da majami'armu tafiyar minti biyar ce a ƙafa. Kowace Lahadi da safe yakan wuce ta ƙofarmu, ya ɗaga wa masu shiga hannu, ya hau taksi zuwa Gaweye, ya sauka ya hau wata ta haye da shi gada.