Kukan Tsohon Sakatare

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa. A tashar tasi da cikin unguwa Agogo kowa yake ce masa, shi kuma yana amsawa da ɗan guntun alfahari. Direba ne, amma ba ya yawon neman fasinja a titi. Mutanensa sanannu ne: 'yan makaranta da safe, wani tela mai ciwon gwiwa, matar da ke sarin yadi, sai kuma Malama.

Malama tsohuwar malamar makaranta ce da ciwon ƙoda ya kama. Ranakun da asibiti ya ba ta na wankin ƙoda, Agogo ne yake kai ta, ya jira, ya mayar da ita gida. Injin wankin ba ya jiran kowa. Wanda ya makara, sai a ɗora na bayansa. Shi ya sa ɗanta, da ke aiki a wani gari, ya damƙa ta a hannun Agogo, bai yarda da wani ba.

Abin da ya riƙe masa wannan suna wata 'yar na'ura ce mai ruwan toka, faɗin tafin hannu, wadda ake rubutu a fuskarta da tsinken roba. Wani tsohon ubangidansa ne ya bar masa ita tun yana direban kamfani. Sakatare yake kiranta. A ciki yake sa wa zai ɗauka, a ina, da yaushe, har da ƙananan abubuwa irin su tela ba ya son a buɗe gilashi. Sakatare ba shi da surutu. Kuka ɗaya gare shi, siriri kamar na ɗan tsako, kuma ma'anarsa ɗaya ce: tashi ka tafi. Ko loma ce a hannun Agogo, ajiye ta yake yi.

To, tsufa ba ya barin na'ura ma. Murfin batir ya karye aka ɗaure da roba, wani baƙin layi ya ratsa fuskar, daga baya sai an ɗan mare shi yake farkawa. Auta, 'yarsa da ke aiki a kantin magani, ta gaji da kallon wannan jinya, ta kawo masa babbar waya a kwali.

"Baba, a bar bawan Allahn nan ya huta haka nan," in ji ta.

Bai yi gardama ba, don ya san gaskiya ta faɗa. Da kansa ya zauna ya kwashe komai zuwa wayar, da yatsa ɗaya, yana dannawa da ƙarfi kamar mai kashe kiyashi.

Sai dai ita wannan sabuwar, bakinta ba ya rufuwa. Guruf ɗin dangi ta yi kuka, na direbobi ta yi kuka, wani ya turo hoton fure da barka da safiya ta yi kuka. Agogo kuwa shekara da shekaru jikinsa ya saba da cewa kuka umarni ne. Ya sha gangarawa gefen titi a firgice, ya duba ya tarar bidiyon akuya ne ƙanensa ya turo. Rannan daga banɗaki ya fito da sabulu a kunne, matarsa ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Maigida, wannan karon wa za a ɗauko? Akuyar ce?"

Haushi ya kama shi. Ya laluba gefen wayar, ya kashe mata murya gaba ɗaya, ya ce ai shi ba yaro ba ne, zai riƙa dubawa da idonsa.

A makon nan ne asibiti ya sauya wa Malama rana. Ta gaya masa, ya kuma rubuta daidai, ba kuskure ko na harafi. Amma ranar da aka sauya ɗin ta faɗo a ranar da ya saba kai mota gareji, ƙafarsa kuwa ta bi sabonta. Yana zaune a kan benci suna hirar ƙwallo da makanike, wayar tana ta haske a aljihun mota, ba mai jin ta. Da ya buɗe ya ga kiran Malama a jere, sai ya fizgi mota ya nufi gidanta.

Ya same ta a kan kujera a bakin ƙofa, ta shirya tsaf, jaka a cinya, ƙafafunta sun kumbura har takalmin ya ƙi shiga. Ya tallafa mata ta shiga mota. Ya yi gudun da bai taɓa yi da ita ba, amma ko da suka isa an ɗora wani. Sai washegari aka samo mata gurbi, ta kwana tana numfashi da ƙyar. Da ma zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Kunya da baƙin ciki suka hana shi cin abinci.

Ɗanta ya kira shi, da ladabi amma ba wasa a muryarsa. "Baba Agogo, ba raini ba ne, amma rai ne. Na samo wani direban, shi zai riƙa kai ta."

Matarsa ta ce ya koma wa tsohon abinsa mana. Ya girgiza kai. "Ba wayar ce ta makara ba, ni ne. Kuma wallahi sai ta koyi aikin gidan nan."

Ya je kantin su Auta ya jira ta tashi. Ta miƙo hannu za ta karɓi wayar, ya janye.

"A'a. Ki naɗe hannunki, ki faɗa da baki, ni in danna."

Haka suka bi su ɗaya bayan ɗaya, yana toshe bakin kowane guruf, yana gumi, yana ɓata, yana sakewa. Ya bar wa kira muryarsa, ya bar wa tunatarwa tata. Da aka zo zaɓen sauti, Auta ta kunna masa kiɗe-kiɗe iri-iri, duk ya yatsine fuska. Sai ya zaro Sakatare daga aljihu, ya sa masa sabon batir, ya mare shi a hankali, ya lallaɓa shi har fuskar ta kawo. Ya sa masa lokaci, suka kara wayar kusa, suka yi tsit. Tsohon ya yi kukan nan nasa siriri, wayar ta naɗe. Bai ƙara farkawa ba bayan wannan.

Ranar Malama ta zagayo. Ba wanda ya kira Agogo, amma bai goge sunanta ba. Ya wanke mota, ya tura kujerar gaba baya yadda ƙafafunta suke so, ya je ya tsaya nesa kaɗan da ƙofarta. Motar sabon direban tana nan, fes da ita, ta fi tasa komai. Ya ce a ransa ko ba a shiga tasa ba, zai bi su a baya har asibiti, kuma gobe ma haka.

Malama ta fito tana dogara sanda. Ta dubi waccan motar, ta dubi tasa. Ya fito ya rusuna ya gaishe ta. Daidai nan aljihun rigarsa ya yi kuka, siriri, irin wanda ta saba ji shekara da shekaru a kan hanyar asibiti.

Ta tsaya cak. "Ashe Sakatare yana da rai?"

"Ya rasu, Malama. Muryar ce ya bar mini."

Ta juya ta ba wancan direban haƙuri, ta ce za ta yi magana da ɗanta da kanta. Ta miƙa wa Agogo jakarta.

"To me kake jira? Ka ji dai an ce ka tashi."