Kifi Mai Ido Huɗu da Takardun Baba

Mun tashi da asuba daga Germantown, garin da muke zaune a Amurka, ni da maigidana da mahaifina, za mu kallon kifi a Baltimore. Tafiyar ba ta wuce awa ɗaya da ɗan ɗori ba, gidan kifin kuma sai ƙarfe goma ake buɗe shi, amma Baba ya ce shi tun da aka haife shi bai taɓa jin wanda ya je wa kifi da hantsi ba. Basarke ne, cikin Sarkawa masuntan Yawuri, ya fi shekara hamsin yana jefa birgi a kogi. Na yi masa bayani cewa waɗannan kifayen a cikin gilashi suke, ba inda za su je. Ya ce kifi kifi ne. Maigidana, wanda dama ba abin da yake tsoro a ƙasar nan kamar gosulon babbar hanyar 270, nan take ya goyi bayan surukinsa. Haka biyu suka rinjayi ɗaya, na zuba kunun gyaɗa a fulas, na ƙulle ƙosai, muka bar yara wajen maƙwabciyarmu 'yar Jos don ta sa su a motar makaranta.

Bari in faɗa muku gaskiyar abin da ya fitar da ni, don ba kifi ba ne. Bayan rasuwar Innarmu na matsa wa Baba ya zo wajenmu ya huta, ya zo da farkon zafi. Yanzu ga Oktoba ta raba, bizarsa ta kusa ƙarewa, ni kuwa na je wajen lauya na karɓo takardun da za su ba shi damar zama dindindin. Sa hannunsa kawai ya rage. Sati uku takardun suna kan teburin cin abinci, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Sai dai ya zauna bakin taga cikin rigar sanyin da na saya masa yana kallon wurin ajiye motoci, tuwo kuma ko rabin malmala ba ya gamawa. Ni nas ce, na san yadda tsofaffi suke ƙarewa idan suka zauna su kaɗai, kuma ina tsoron in mayar da shi gidan da babu Inna. Dabarata ita ce in nuna masa nan ma akwai ruwa, akwai kifi, wataƙila zuciyarsa ta kwanta ya sa hannu.

Hanya fayau take. Muka ɗan taɓa 270, muka hau sabuwar hanyar nan da ake biyan kuɗi ba tare da an tsaya ba, muka faɗa 95. Baba ya so ya san wa ke karɓar kuɗin tun da bai ga kowa a tsaye ba, da aka ce masa na'ura ce sai ya ce to Allah ya sa tana da amana. Gari yana wayewa ganyayen gefen hanya suka fito ja da ruwan ɗorawa. Ni ina ta yabon kyansu, shi kuwa ya tambaya ko wata cuta ce ta kama itatuwan gaba ɗaya.

Bakwai da kwata ta yi mana a Baltimore, ƙofar gidan kifi a rufe ruf, daga mu sai masu shara da tsuntsayen teku. Kuɗin ajiye mota kaɗai ya isa cefanen kwana biyu, maigidana ya biya bai yarda mun haɗa ido ba. Muka zauna kan benci a bakin ruwa muka karya. Baba ya daɗe yana duban ruwan tashar, ya shinshina iska, ya yanke hukunci cewa ruwan ya gaji. Da muka zaga don rage lokaci muka wuce wani gidan abinci da aka zana ƙatuwar ƙaguwa a ƙofarsa. Na gaya masa ita ce abin alfaharin garin, na faɗa masa farashin faranti ɗaya. Ya tsaya cak. Ƙaguwar da su a Yawuri suke cirewa daga taru su jefar suna tsaki? Ya ce lallai Sarkawa sun daɗe suna zubar da arziki ba su sani ba.

Ƙarfe goma muka shiga, tikiti dala talatin da wani abu kowane mutum, na Baba an ɗan rage saboda shekaru. Tun daga tankin farko ya zama wani mutum daban. Mutumin da sai an yi da gaske yake furta kalma goma a yini ya kama raɗa wa kifayen Amurka sunayen Yawuri. Wannan ɗan'uwan tarwaɗa ne, wancan karfasa ce ta samu wuri ta yi ƙiba, wancan mai kumburin kuwa talibamban ne ko a ina aka gan shi. Kowanne sai ya faɗi yadda za a kama shi da kuma ko zai yi daɗin miya. Na gode wa Allah da babu mai jin Hausa a kusa.

A hawa na sama muka iske tankin da ya tsayar da mu. An gina shi kamar ƙarƙashin teku mai ɗumi, da duwatsu masu rassa da ramuka, launi iri-iri. Na karanta allon na ce masa murjani ne. Ya dube ni, don shi murjanin da ya sani shi ne jan da Inna take ɗaurawa a wuya ranar sallah. Da na ce masa dangi ɗaya ne, kuma abu ne mai rai, ƙananan halittu ne suke gina shi a hankali, sai ya matsa kusa da gilashin.

Can sai ga wasu kifaye biyu sun fito daga wani rami, kowanne bai kai tafin hannu ba, shafal kamar faifai, fari-fari da ɗan rawaya a gefe da siraran layuka a jiki. Baba ya bi su da ido, ya ɗaure fuska, ya kira ni da sunan da yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

“Uwata, wanga kifi da baya shike tafiya.”

Na duba, ni ma haka na gani: ga ƙaton ido baƙi wuluk da farin zobe, amma kifin yana tafiya ta ɗaya ɓangaren. Wata dattijuwar Baturiya mai aikin sa-kai a wurin ta ga mun ƙura ido, ta matso tana murmushi. Ta ce sunansa kifin malam-buɗe-littafi, wannan irin kuma ana ce masa mai ido huɗu. Abin da muke kallo ba ido ba ne, tabo ne a kusa da wutsiya. Idon gaskiya ƙarami ne, yana ɓoye cikin wani baƙin layi da ya ratsa fuskar kamar an ja masa kwalli. Babban kifi idan ya kawo hari wajen kai yake nufa, sai ya tarar wutsiya ya nufa, ɗan kifin kuwa ya riga ya tsere ta gaba.

Na fassara wa Baba. Mutumin da yake kama tarwaɗa da hannu a cikin laka, wanda bai taɓa kuskuren inda kan kifi yake ba, yau ɗan kifin da bai isa loma biyu ba ya yi masa wayo. Ya sa hannu ya rufe baki yana dariya har kafaɗunsa na rawa. Rabona da jin dariyarsa tun Inna na da rai.

Daga nan ya mayar da ni tafinta. Shi ba ruwansa da kyan launi, tambayoyin masunta yake yi. Mi shike ci? Ta ce ya dubi ɗan tsinin bakin, a ciki akwai haƙora sirara kamar gashin buroshi, da su yake tsintar naman murjanin da ƙananan tsutsotsi daga cikin ramuka. Ina shike kwana? Cikin kogon dutse, kuma launinsa yakan dushe idan dare ya yi. In an ritsa shi fa? Ta sunkuyar da kanta ta miƙe yatsu a bayan wuya, ta nuna yadda yake tayar da ƙayoyin bayansa. Muna tsaye ɗaya ya kife ya bi ta ƙarƙashin wani reshe ciki a sama, Baba ya ce wannan kam ya yi makaranta ɗaya da kurungu.

Shi ne ya lura, kafin a gaya masa, cewa biyun nan ba sa rabuwa. Ɗaya ya tsaya cin abinci, ɗayan ya jira. Dutse ya shiga tsakaninsu, sai su zagayo da sauri su haɗu. Dattijuwar ta ce haka suke, miji da mata, sukan yi shekaru tare a yanki ɗaya na dutsen. Da magariba suke sakin ƙwai, ƙwan ya taso sama, igiyar ruwa ta tafi da 'ya'yan. Akwai wata igiya mai ɗumi da take tasowa daga kudu ta bi gaɓar ƙasar nan, duk ƙarshen zafi takan kwaso wasu 'ya'yan ta kawo su har arewa, inda ba murjani. Suna rayuwa lafiya sai sanyi ya shigo ya kashe su. Ta nuna mana wani ƙarami a tankin gefe, ta ce irinsu ne, masu sa-kai suka tsamo shi da ƙaramar koma kafin ruwa ya huce.

Jama'a, nan na ga dama ta faɗo mini. Na fassara wannan da ƙarin gishiri, na nanata cewa wanda aka tsamo aka kawo cikin gida shi ne ya rayu, ga ɗumi, ga abinci, ga masu duba lafiyarsa. Maigidana ya gane inda na dosa, ya kama karanta wani allo da ba ruwansa da shi. Baba ya koma wajen manyan biyun ya daɗe, sannan ya ce in tambayar masa abu biyu: su manyan, ruwa yana ɗaukarsu? In kuma ɗaya ya mutu, ɗayan ina yake zuwa?

Ta ce a'a, 'ya'ya kaɗai ruwa yake ɗauka, babba idan ya kama dutse ya kama ke nan. Wanda ya rasa abokin zama kuma galibi ba ya barin wurin, nan yake ci gaba da kiwo, don nan ya san kowane rami.

Na tsaya da amsar a bakina. Baba ba ya jin Turanci ko na sisin kwabo, duk abin da na ce masa shi ne. Zan iya cewa ta ce ba ta sani ba, kuma wallahi na yi niyya. Amma yana kallona da irin kallon da yake yi mini ina ƙarama idan ya aike ni ya jira saƙo, bai taɓa tunanin zan rage masa komai ba. Na faɗa masa yadda ta faɗa, ban cire ko kalma ba, har da ƙarashen da ta yi cewa wani lokaci yakan samu wata abokiyar zaman. Maigidana ya yi tari. Baba ya ce wannan na ƙarshen a bar wa kifi kayansa.

Sai ya nuna ƙaramin da ke tankin gefe, ya sassauta murya.

“Uwata, wancan ke ce. Ruwa ya ɗauko ki da ƙuruciya, Allah ya haɗa ki da masu riƙo, kin yi kyau, na gani da idona, hankalina ya kwanta. Ni kuwa tsohon kifi ne. Can na san ramuka, can aka rufe uwarki.”

Na juya ina kallon murjani har idona ya daina ganinsa sosai. Dattijuwar ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta miƙo mini hankici na takarda ta matsa gefe.

Kafin mu fita Baba ya sa maigidana ya ɗauki hoton kifin har sau biyar, ya ce a wanke masa a takarda, don idan ya gaya wa Sarkawan Yawuri akwai kifi mai ido a wutsiya ba shaida, za su ce Amurka ta koya masa ƙarya. Mun yi azahar a wani masallaci a hanya, muka tsaya wani shagon halal muka sayi ɗanyen kifi, shi ya zaɓa bayan ya buɗe kunnen kusan duk wanda ke kan ƙanƙara. Gosulon da muka guje wa da safe ya same mu a dawowa, amma ba wanda ya yi ƙorafi. Baba yana baya yana ba surukinsa labarin wani giwan ruwa da ya taɓa jan kwale-kwalensa, kifin yana ƙara girma duk mil ɗaya.

La'asar sakaliya muka iso gida. Na kwashe takardun lauya daga kan tebur na sa a durowa, na shimfiɗa abinci a inda suke. Baba ya cinye malmala biyu ya nemi ƙarin romo. Ina murna, ina kuma jin zafi, don na san ba girkina ne ya buɗe masa ciki ba, sanin zai tafi ne.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne na iya kula da mutum amma ban iya tambayarsa ba. Wata huɗu ina auna masa jini, ina lissafa masa magani, ban taɓa zama na ce Baba me kake so ba, sai da ɗan kifi ya yi mini tambayar. Na riga na yi magana da ƙannena a gida kan wanda zai riƙa kwana wajensa da wanda zai riƙa kai shi asibiti.

Jirginsa ranar Lahadi ne daga filin jirgin sama na Dulles. Jiya na shiga ɗakinsa na tarar ya ninke rigar sanyin ya ajiye a kan gado, ba a cikin akwati ba. Na ce ya manta da ita. Ya ce bai manta ba, in adana masa, in Allah ya kai mu zai dawo idan ruwanmu ya yi ɗumi, ya kuma tafi kafin ya huce. Na sa ta a durowa ɗaya da takardun.